Ranar da Alhaji Nouhou Ya Kara da Bajamushe a Paris

Alhaji Nouhou mutumin Maraɗi ne, amma ya daɗe a Lyon har ya fara yi wa 'yan garin kwatancen hanya, kuma yawancinsu sun ɓata. Yana da butik a Guillotière inda yake sayar da shinkafa da busasshen kifi da yaji da man shafawa. Gidansa kuwa yana Rillieux-la-Pape, a saman wani dogon bene da asansarsa, wato na'urar hawa da sauka, ke aiki ranar da ta ga dama. Shi ne shugaban ƙungiyar Hausawan Lyon tun lokacin da ƙungiyar ba ta da ko kujerar zama.

Abin da aka fi saninsa da shi, ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ya ce bai iya ba. In ana zancen jirgin sama, ya taɓa nuna wa matuƙi hanya a saman Agadez. In ana zancen tiyata, shi ya taɓa ce wa likita, "Ba nan ba, matsa kaɗan."

A bana kujerarsa ta fara rawa. Samarin ƙungiya suka fara ƙorafi cewa ban da taron suna da zaman ta'aziyya, babu abin da shugaba ya taɓa yi da ya fito da sunan Hausawa a ƙasar nan. Wanda suke turawa gaba shi ne Malam Attahiru, wani Bazazzagi siriri mai gilashi da ke koyar da injiniyanci a Villeurbanne, mutumin da zai wanke ka tas cikin ladabi har ka yi masa godiya.

Wata Lahadi 'yan ƙungiya na shan shayi a bayan butik, sai tele ta nuno tarihin wani Bajamushe mai suna Dietmar Ottersbach. An nuno shi yana saurayi, ɗan wani ƙauye a cikin duwatsu, yana sheƙa gudu a kan ƙanƙara kamar wanda kare ya biyo. An nuno shi yana karɓar lambobin zinariya ɗaya bayan ɗaya har wuyansa ya ranƙwafa. An nuno ranar da gwiwa ta ci amanarsa ya yi ritaya, manyan mutane na sharɓar kuka a filin wasa. Yanzu ya ajiye wasan da daɗewa, amma fuskarsa na kan kwalin madara, tana jikin bas, har titi aka sa wa sunansa a ƙauyensu.

Alhaji ya ajiye kofi. "Wai mi wanga Ditimar ɗin ya yi da ake ta yi mishi kirari?"

Attahiru ya gyara gilashi. "Biyatalon ake ce wa wasan, Alhaji. Mutum ya ɗaura alluna biyu a ƙafa, ya yi ta zamiya a kan dusar ƙanƙara da bindiga a baya. In ya gaji iya gajiya, zuciya na dukan ƙirji, sai ya tsaya ya harbi 'yan faya-fayai biyar da ke can nesa."

"Shi ke nan? Santsi da harbi?"

"Shi ke nan, Alhaji."

"Ikon Allah! Santsin da in ya kwashe mutum a gida ake ce mishi sannu, nan shi ake ba zinariya?" Ya dubi jama'a. "Harbi kuma, ku tambaya a Dakoro. Ni na harbo zabuwa tana tashi, da danƙo, da hannun hagu, ina cin gyaɗa."

Kamar tele ta ji shi, sai ta sanar cewa Dietmar zai zo baje kolin wasannin hunturu a Paris a wata mai zuwa. Duk wanda ya ji zai iya daga cikin 'yan kallo, ya fito su kara. A cikin zaure za a yi, da alluna masu taya da bindigar haske wadda ba ta da harsashi.

"To ga dama ta samu," in ji Attahiru a hankali. "Sai dai kada a wahalar da Alhaji. Mutumin nan zakaran duniya ne, Alhaji kuwa zakaran Dakoro."

Aka yi 'yar dariya. Alhaji ya miƙe tsaye har hularsa ta taɓa buhun kifin da ke rataye.

"Ku shaida! Ni Nouhou zan tahi Paris in kada Bajamushen nan gaban 'yan jarida. In ban kada shi ba, kujerar ku ɗauke ta, ku ba mai gilashi!"

"Mun shaida," suka amsa baki ɗaya, da saurin da ya kamata ya ba shi tsoro.

Da ya koma gida ya shaida wa matarsa Hajiya Raliatou. Tana tsinke alayyafo, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Alhaji, kai da in ka hau bene hawa biyu sai ka tsaya ka yi kamar kana amsa waya?"

"Dabarar numfashi ce. 'Yan wasa sun san ta."

"Bindiga hwa? Ranar da anka yi wasan wuta na bikin ƙasa, ina ka shige?"

"Alwala na tahi yi."

"A cikin baho, da takalmi, ka ja labule."

"Hajiya, mace ba ta gane harkar maza."

"Haka ne. Allah ya ba da sa'a. In ka karye, ka karye kusa da gida."

Alhaji ya samo alluna a kasuwar tsofaffin kaya, ɗaya ta fi ɗaya tsawo da kamu guda. Mai sayarwa ya gaya masa ba 'yan gida ɗaya ba ne. Alhaji ya ce ai ƙafafunsa ma ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi. Matsalar da ta rage ita ce ƙanƙara, domin hunturu bai shigo ba, kuma bai nuna alamar zai yi sauri saboda Alhaji ba. Sai ya dama garin sabulu a bokiti, ya kwarara a dogon barandar benensu, ya ɗaura alluna, ya yi bisimilla, ya tura bango da baya.

Tafiyar ta fi yadda ya tsara kyau. Ƙofofin maƙwabta suka riƙa wucewa ta gefensa kamar yana cikin jirgin ƙasa. A daidai lokacin Madam Nadia, maƙwabciyarsu 'yar Aljeriya da ƙofarta ke ƙarshen baranda, ta buɗe za ta fitar da shara. Ta ga ƙaton mutum cikin jallabiya ya taho da sanduna biyu yana salati, ta manne da bango. Alhaji ya wuce ta, ya ratsa zaurenta, ya tafi da kafet, ya tsaya cak a gaban tsohon mahaifinta da ke kan kujera yana kallon labarai.

Tsohon ya dube shi daga hula har alluna. "A garinmu," ya ce, "sallama ake fara yi."

Madam Nadia ta yi masa faɗa da Faransanci, da ya ƙare mata ta koma Larabci. Alhaji ya wuni yana goge baranda da tsumma, Hajiya na tsaye a bakin ƙofa tana nuna masa inda ya bari. Da yamma ya aika wa zauren ƙungiya na waya cewa gudun da ya yi yau, gini ne ya yi masa kaɗan.

Sai batun sanyi. Alhaji ya ce Bajamushe bai fi shi komai ba sai sabo da sanyi, kuma sabo ana koyonsa. Ya je wurin Amine, mahaucin da ke kusa da butik ɗinsa, ya roƙi a bar shi ya riƙa zama a ɗakin sanyin nama.

"Alhaji, a cikin zaure za ku yi wasan nan, an ce har da na'urar ɗumama ɗaki."

"Kai dai yanka nama ka sani. Buɗe mini."

Ya tuɓe daga shi sai singileti, ya zauna a kan bokiti tsakanin raguna biyu da ke rataye. Ciniki ya ɗauke hankalin Amine, ya manta da shi. Can sai ga Madam Alice, wata nas 'yar Jos, wadda ba ta yarda a zaɓar mata nama. Amine ya buɗe mata ɗakin ta leƙa. Cikin duhu-duhu ta miƙa yatsa ta danna wani dantse mai sanyi.

"Wannan ya yi kitse da yawa."

Dantsen ya yi atishawa.

"Yesu!" Madam Alice ta ƙwalla ƙara, ta sauke masa jakar hannu a ka, ta ƙara, ta sake ƙarawa. "Amine, ragonka da rai!"

"Yi haƙuri, Madam," in ji Amine yana riƙe da ciki, "wannan ba na sayarwa ba ne. Zakaran Afirka ne."

Aka fito da Alhaji haƙora na kaɗawa, leɓe ya yi shuɗi. Madam Alice da ta gane shi ta ba shi haƙuri, ta kuma rubuta masa sunan maganin mura, ta ce akwai wani likita a asibitinsu da ke duba masu irin wannan tunani, mutumin kirki ne, ba ya ɗaure kowa.

Mura ta kwantar da shi, amma ba ta taɓa bakinsa ba. Da ya ɗan ji sauƙi ya koma kan harbi. Ya cire sandar tsintsiyar Hajiya, ya haɗa mata gindi da guntun katako, ya shafe da baƙin fenti, ya ɗaura mata igiya. Ya kwashi murafen tukwane biyar. Saboda mura ya sa baƙar hular nan mai rufe fuska sai ido. Da hantsi ya tafi lambun unguwa, ya jera murafe a jikin shinge, ya kwanta rub da ciki a bayan wata 'yar bishiya yana auna su, yana cewa "Tau! Tau!" da baki.

Bai lura lambun ya watse ba. Iyaye sun kwashe 'ya'yansu, wani tsoho da ke tafiya da sanda ya tuna ashe ya iya gudu. Abin da Alhaji ya ji kawai shi ne murya ta lasifika tana cewa ya ajiye makami, ya ɗaga hannu.

Ya ɗaga. 'Yan sanda suka kewaye shi, suka cire masa hula. Babbarsu, wata mace mai gajeren gashi, ta ɗauki bindigar da yatsu biyu, ta juya ta, ta ga ashe sandar tsintsiya ce, fenti ya ɓata mata safar hannu.

"Mene ne wannan, Monsieur?"

"Ni babban ɗan wasa ne, Madam. Ina shirin kada Ditimar."

Ta dubi cikinsa, ta dubi murafen, ta dubi abokan aikinta da suka juya baya kafaɗunsu na rawa.

"To a riƙa kula da ita," ta ce. "Kada ta tashi ta share wani."

Hajiya Raliatou ce ta zo ofishin 'yan sanda ta karɓe shi. Sai da ta fara duba murafenta ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar babu wanda ya lotse, sannan ta tambaya ko za su iya riƙe shi zuwa bayan baje kolin. Suka ce doka ba ta ba su dama ba. Ranar Alhaji ya shaida wa ƙungiya cewa gwamnati ta turo jami'an tsaro su ga salon kwanciyarsa.

Ranar tafiya ta zo. Alhaji da Hajiya da Attahiru suka hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Attahiru ya ce ya zo ne a madadin ƙungiya, don kada tarihi ya wuce babu mai ɗauka. A Paris ƙanen Alhaji, Kamal, wanda ke kasuwanci a Saint-Denis, ya tara 'yan kasuwar unguwarsu, ya ɗauko mai kalangu, ya sa an rubuta ƙyalle mai faɗi: ZAKIN ƘANƘARA. Shi ya sayo wa yayansa kayan wasa, irin masu manne wa jiki, rawaya shar. Da aka tambaye shi awo a shago, hoton Alhaji na ranar aure ya nuna.

Sai da mutum biyu suka taimaka kafin Alhaji ya shige. Hajiya ta dube shi ta kau da kai.

"Yaya, ka yi kyau!" in ji Kamal.

"Ya yi," in ji Hajiya. "Kamar tuwon da anka ƙulle a leda."

A ɗakin shiri Alhaji ya tarar da wani farin dattijo mai furfura cikin tsohuwar rigar sanyi, zaune a benci yana cin tuffa yana murza gwiwa. Alhaji ba ya iya sunkuyawa a cikin kayan nan, sai ya miƙa masa ƙafa.

"Kai, baba, ɗaura mini takalmin nan."

Dattijon ya ajiye tuffa, ya durƙusa da ƙyar, ya fara ɗaurawa. Faransancinsa mai nauyi ne, amma ana ganewa.

"Ka san Ditimar?" in ji Alhaji.

"Kaɗan."

"Ya ƙare. Gwiwa ta mutu, ido ya mutu. Sai tallar madara."

"Haka matarsa ke cewa."

"Ka gani! Suna ne kawai gare shi."

"Sunan ma," in ji dattijon yana jan igiya, "ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gudu cikin sanyi, yana amai a gefen hanya, bai ga tasowar 'ya'yansa ba. Yanzu yara in sun gan shi sai su tambaye shi ko shi ne mai shanun."

"To yau zan hutar da shi." Alhaji ya taka allunan, tayoyi suka motsa, ya cafki kafaɗar dattijon. "Af, ina birkin abin nan?"

"Babu birki."

"To ƙaƙa ake tsayawa?"

"Masu koyo faɗuwa suke yi."

Lasifika ta kira sunan Dietmar Ottersbach, zaure ya ɗauki tafi. Dattijon ya miƙe, ya cire tsohuwar rigarsa, ga kayan wasa a ƙasa, jiki a ɗaure kamar igiyar guga. Ya ɗauki sandunansa, ya ce wa Alhaji, "Mu je, ana jiranmu."

Alhaji ya tsaya baki buɗe. Attahiru, wanda ke bakin ƙofa da waya a hannu tun ɗazu, ya ce, "Lafiya, Alhaji?"

Alhaji ya juyo gare shi. "Ka ga yadda na sa shi ya durƙusa mini? Tun ba a hwara ba na karya mishi zuciya."

An shimfiɗa hanya mai santsi ta kewaye zauren, ga wurin harbi mai layi biyu a tsakiya, ga ƙaton allon majigi a sama. Aka busa usur. Dietmar ya tura sanda sau ɗaya ya lula kamar ruwa. Alhaji ya tura, ƙafar dama ta nufi gabas, ta hagu ta ce ita yamma za ta. Ya tattaro su da ƙyar, ya fara tafiya irin ta agwagwa, mai kalangu na biye da shi a gefe, a ƙafa, yana jiransa lokaci-lokaci.

"Zaki! Zaki!" in ji mutanen Saint-Denis.

"A hankali nake bin shi!" Alhaji ya ƙwalla musu. "Dabara ce!"

Dietmar ya gama zagaye ya iso wurin harbi. Da ya ga abokin karawarsa bai kai rabi ba, sai ya jingina bindiga, ya sha ruwa, ya sa wa wasu mata hannu a kan hotonsa, ya ɗauki wani jariri aka yi musu hoto. Can sai ga Alhaji ya taho, gudu ya fara kama shi, yana neman birkin da aka ce masa babu. Ya tuna shawarar da aka ba shi. Ya faɗi tim, rub da ciki, ya zame har kan tabarmar harbi, daidai inda ake so mutum ya kwanta.

"Kun gani!" Kamal ya yi tsalle. "Kwanciyar maharba!"

Aka miƙa masa bindigar haske. Zufa na shiga masa ido, ƙirji na bugawa, ya runtse ido ɗaya, ya danna. Faifai ya koma fari. Ya sake, wani ya koma fari. Uku. Huɗu. Biyar! Zaure ya kaure da ihu, mai kalangu ya kusa fasa fata. Alhaji da kansa sai da ya dubi bindigar da mamaki.

Alƙalin wasa ne kaɗai bai yi tafi ba. Ya dubi faya-fayan layin Alhaji, duk biyar baƙi ƙirin, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ya dubi na layin Dietmar, duk biyar fari fat, alhali Dietmar ko ɗaga bindigarsa bai yi ba. Aka nuno abin a allon majigi. Ihun ya rikiɗe ya zama dariya.

Dietmar ya ɗaga kafaɗa, ya sunkuyar wa Alhaji da kai, ya wuce abinsa zuwa ƙarshen tsere. Alƙali ya nuna wa Alhaji wata 'yar da'ira a gefe, ya buɗe masa yatsu biyar. A dokar wasan, duk faifan da mutum ya kuskure sai ya yi zagaye ɗaya na hukunci.

"Zagayen girmamawa!" in ji Alhaji yana miƙewa. "Har biyar!"

"Alhaji," Attahiru ya ce daga bayan shinge, "na hukunci ne. Faya-fayan Bajamushen ka harbe."

"Hassada, Malam Attahiru! Hassada za ta kashe ka da gilashinka!"

Ya shiga da'irar yana ɗaga wa jama'a hannu. Da ya ga suna ta ƙyaƙyatawa suna nuna shi, daɗi ya kama shi, ya cilla musu sandunansa duka biyu kyauta, yadda ya ga zakaru na yi. To sandunan nan su ne ke riƙe da shi a duniya. A kwana ta gaba tayoyin suka ƙi juyawa, suka fitar da shi daga da'irar, suka ɗora shi a kan gangaren da aka yi wa masu kujerar guragu, wanda ya sauka zuwa ɓangaren masu sayar da abinci.

Alhaji ya tuna yadda Dietmar ke tsugunnawa a gangare a tele. Ya tsuguna. Kayan da aka saya da awon ranar aure suka ce iyakarsu ke nan. Ɓarrr! Suka tsage daga ƙugu har ƙasa, mai ɗaukar hoto kuwa yana bayansa daidai. Ƙaton allon majigi ya cika da wani wandon ulu ruwan hoda mai zanen 'yan agwagi.

Muryar Hajiya Raliatou ta ratsa zauren. "Wandona! Ashe kai ka ɗauke shi! Na ce Madam Nadia ce ta kwashe a shanya!"

Gangaren ya ƙare a rumfar wasu masu narka cuku. Alhaji ya shiga ta gaba, tebur ya bi shi, tukunyar dankali ta bi tebur. Da ƙura ta lafa, aka gan shi zaune a ƙasa, cuku na zuba daga hularsa yana ja kamar danƙo, tayoyin ƙafarsa na ci gaba da juyawa a sama.

Dietmar ne ya fara isowa, da lambar da aka riga aka rataya masa. Ya kwance masa allunan, ya kama hannunsa.

"Na gode, abokina," ya ce. "A tserena na ƙarshe kafin ritaya na kuskure biyu, abin na damuna har yau. Yau ka cike mini."

Wata 'yar jarida ta cusa wa Alhaji makirufo. "Monsieur, me za ka ce?"

Alhaji ya share cuku daga ido, ya gyara murya. "Kun dai gani da idonku. Ni na yi harbin, Bature ya karɓi zinariyar. Haka suke yi muna tun zamanin kakanni."

Hajiya ta iso ta ɗaura masa mayafinta a ƙugu, ta ɗaure tamau har sai da ya yi nishi. Kamal ya naɗe ƙyallen zaki ya cusa a ƙarƙashin riga. Mai kalangu ya sulale. Attahiru ya matso cikin ladabi ya ce 'yan ƙungiya na Lyon sun kalli komai kai tsaye, suna gaishe shi da ƙoƙari, kuma suna tambaya ko kujerar zai kawo da kansa ko a aiko a ɗauka.

Kwana suka yi a gidan Kamal. Washegari a tashar jirgi Alhaji na tafe a hankali, ƙafafu a wawware, sai ya lura ana kallonsa. Wasu na duba wayoyinsu suna sake dubansa. Ashe bidiyon ya zaga ƙasar kafin gari ya waye. Can gefe ga Dietmar zaune da jakarsa yana jiran mota, yana cin tuffa, ko kallo bai ishi kowa ba.

Wata mata da ƙawayenta suka taho da gudu. "Shi ne! Monsieur, don Allah, hoto!"

Alhaji ya miƙe ƙirji, ya gyara hula, ya dubi Attahiru ta wutsiyar ido. "Ka gani? Wa anka sani yanzu, ni ko shi?" Ya shiga tsakiyarsu, ya saki murmushin manya.

Matar ta duba wayarta, ta dube shi, ta girgiza kai. "A'a, Monsieur, haka ba wanda zai gane kai ne. Juya mana baya."

Murmushin ya daskare. Ya dubi Hajiya.

Hajiya ta karɓi jakar hannunsa, ta matsa gefe don kada ta tare haske.

"Juya mana, Alhaji," ta ce. "Jama'arka na jira."